Bulubari, wato tut azrak

Bulubari ɗan itace ne ƙarami, bai wuce ɗan magarya ba, shuɗi mai duhu da wani fari-fari a jikinsa kamar an barbaɗa masa hoda. A nan Saudiyya tut azrak ake ce masa, zaka ganshi a firjin manyan kantunan Jidda da Makka cikin 'yar roba ta giram 125, kuma kuɗin nan sai ka sake duba takardar sau biyu.

Asali

Ɗan Arewacin Amurka ne, mutanen ƙasar na asali sun daɗe suna tsinkarsa a daji suna shanyawa su ajiye don lokacin sanyi. Manoma sun sha gwada dasa shi yana mutuwa, suna ta zuba masa taki abin banza, har sai da wani masanin tsirrai Frederick Coville ya gano wajen 1910 cewa ƙasa mai tsami yake so. Wata Elizabeth White 'yar manomi a jihar New Jersey ta karanta rahotonsa ta gayyace shi gonarsu, ita ce ma take biyan mutanen daji kuɗi su nemo mata bishiyoyin da suka fi manyan 'ya'ya, a 1916 suka kai amfanin farko kasuwa. Yanzu ƙasar Peru ce kan gaba wajen fitar da shi zuwa ƙasashen waje.

Maganar mantuwa da tsufa

Launin nan daga sinadarin antosayanin yake, kuma duk surutun da ake yi cewa bulubari na rage mantuwa da jinkirta tsufan ƙwaƙwalwa a kan sinadarin nan ne. A 1999 wani masani James Joseph na jami'ar Tufts a Amurka ya ciyar da tsofaffin ɓeraye da bulubari, suka fi 'yan uwansu tuna hanya da tsayuwa kan sanda. Ɓera dai ɓera ne. A 2010 aka gwada ruwan bulubari a kan mutane a birnin Cincinnati na Amurka tsawon mako 12 aka ga ɗan ci gaba, amma tsofaffi 9 ne kacal. Binciken da aka fi ambata shi ne na jami'ar Harvard na 2012, mata kusan 16,000 masu shekara 70 zuwa sama, waɗanda suka fi cin bulubari da sitiroberi kamar tsufan ƙwaƙwalwarsu ya yi jinkirin da zai kai shekara 2 da rabi. Sai dai mai iya siyansa duk mako galibi mai hali ne mai zuwa asibiti, shi ya sa masana ba su haɗu a kai ba. Ba maganin ciwon mantuwa bane.

Abin da ke ciki

Giram 100 kalori 57, da bitamin C da K.

A gidajenmu

Ba kowa ya damu dashi ba gaskiya, sai dai yara masu zuba shi a zabadi, wato yogot, ko kan kek. Hajiyoyin Makka kuwa zobonsu suke jiƙawa, karkade inji mutanen Sudan, wanda shima jan nan nasa antosayanin ne.