Waiwaye: Yadda Richard Thompson ya koma kan tsoffin waƙoƙinsa da jita ɗaya

Tun da mawaƙiyar Amurka Taylor Swift ta fara sake rera tsoffin kundayenta a 2021 ake ta ka-ce-na-ce kan mawaƙan da ke komawa kan waƙoƙin da suka riga suka fitar. Wasu na cewa rijiyar basira ce ta ƙafe, shi ya sa ake ɗumama wa mutane tuwon jiya. Wasu kuma na cewa maganar mallaka ce kawai, domin a dokar ƙasashen Turawa waƙa daban, muryar da aka naɗa a faifai daban: mutum zai iya mallakar baitocinsa da karinsa, amma asalin faifan yana hannun wanda ya biya kuɗin sitidiyo. Misali ɗaya da ya shafi wannan gardama shi ne kundin Acoustic Classics na mawaƙin Birtaniya Richard Thompson, wanda ya fito a 2014, inda ya sake rera tsoffin waƙoƙinsa da jita kaɗai. A ganina ɓangarorin biyu duk sun tsallake inda labarinsa ya faro.

Farkon tarihin sananne ne. An haifi Thompson a Landan a 1949, yana cikin samarin da suka kafa Fairport Convention a 1967, ƙungiyar da ta auri tsoffin waƙoƙin gargajiyar Birtaniya da jitar lantarki da ganguna. Ya bar ta a 1971, ya ci gaba da waƙa tare da matarsa Linda, kuma a shekarun nan ne suka musulunta. A 1982 auren ya ƙare, waƙar haɗin gwiwa ma ta ƙare.

Wannan shekara ta 1982 ita ce masu gardama ba sa tsayawa a kanta. A cikinta ya hau dandamali a ƙananan gidajen kiɗa na New York shi kaɗai, ba mai ganga, ba 'yan amshi, sai jitar katako wadda ba a jona wa wuta. An naɗi wasu daga cikin wasannin, suka fito a faifai a 1984. Daga nan fita shi kaɗai ta zama rabin sana'arsa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa ɗaukar nauyin tawaga: makaɗa huɗu ko biyar na nufin kuɗin mota, masauki, abinci da sallama kowane dare, alhali mutum ɗaya da jitarsa kujera ɗaya ta ishe shi. Shi kuwa Thompson mawaƙi ne da masana ke yabo amma kasuwa ba ta taɓa rububinsa ba.

To amma waƙar da aka gina don mutum biyar ba ta shiga hannu biyu haka kawai, sai an warware ta an sake ɗinki. Yana riƙe 'yar roba ta kaɗa jita tsakanin babban yatsa da manuniya yana bugun manyan tsirkiyoyi, su ne ke tsaya masa a madadin ganga. Sauran yatsun kuma suna tsinkar ƙananan tsirkiyoyi suna fitar da karin. Wanda ya rufe ido zai rantse mutum biyu ne ke kiɗan. Ɗauki waƙar da ta buɗe kundin 2014, "I Want to See the Bright Lights Tonight". A 1974 Linda ce ta rera ta, da masu busa ƙahonnin tagulla a bayanta, kamar ranar biki. Bayan shekara 40 sai ga muryar dattijo ɗan shekara 65 ita kaɗai, aikin masu busar duk ya koma kan yatsu. Kalmomin ba su canja ba, amma mai zumuɗin fita yawon dare ya zama mai tuna shi.

Ga kunnen da ya saba jin makaɗi ya rera waƙa ɗaya a fage goma kowacce da irin ɗanɗanonta, wannan ba abin mamaki ba ne. Faifai ne ya koya wa mutane cewa waƙa siffa ɗaya gare ta.

Shekara talatin da 'yan kai ke nan masu zuwa kallonsa suna jin waɗannan sababbin siffofi, in sun je sayen faifan sitidiyo kuma su tarar da tsohuwar siga mai ganguna. Wannan giɓi kundin ya zo cikewa: waƙoƙi 14, murya da jita, a ƙarƙashin tambarin kamfanin faifansa na kansa, Beeswing. Da farko ma niyyar ita ce a riƙa sayar da shi a teburin da ake kasawa a bakin ƙofar zauren wasa, kusa da riguna.

Ba na musun cewa mallaka na da nata kason. Mawaƙiyar Amurka Suzanne Vega ta sake naɗar waƙoƙinta cikin kundi huɗu tsakanin 2010 da 2012 don ta samu faifan da yake nata, kuma Thompson ma abin da ya naɗa da kansa nasa ne. Sai dai nasa ya daɗe da nuna a kan hanya kafin ya shiga sitidiyo. Kundin da aka yi don teburin bakin ƙofa ya shiga sahun 20 na farko a jadawalin cinikin Birtaniya, a 2017 kuma ya ƙara fitar da na biyu.