Ƙananan jif na hannu a ƙauyukan ƙanƙara na Turai

Ƙananan jif na hannu su ne motocin da mutanen karkara a ƙasashen sanyi irin su Italiya da Ostiriya da Suwizalan da Rasha da arewacin Birtaniya suke saya da araha don su riƙa fitar da su daga gida a watannin da dusar ƙanƙara ke rufe hanya, wato daga wajen Nuwamba zuwa Maris ko Afrilu. Injin waɗannan motoci yana iya juya dukka tayoyin huɗu, shi ya sa ake rubuta musu 4x4 a jiki. Injin nasu ƙarami ne, galibi daga lita 1 zuwa 1.7, nauyinsu kuma da wuya ya wuce tan ɗaya da ɗan wani abu. Guda uku ne suka fi suna a wannan layi, Fiat Panda 4x4 ta Italiya, da Lada Niva ta Rasha, da Suzuki Jimny ta Japan.

Dalilin da ya sa ƙarama

A ƙauyukan tsaunukan Alps da Apennine hanyoyin da ke hawa zuwa gidajen manoma tun zamanin amalanke aka yi su, matsattsu ne masu kwana-kwana, wani wurin ma katangar dutse ce hagu da dama, babbar jif in ta shiga ba ta da inda za ta juya. Motar share ƙanƙara ta hukuma kuma sai ta gama da manyan tituna tukuna take waiwayar ƙauye, sai ka ga ma'aikaciyar jinya ko mai raba wasiƙu ko makiyayi dole ya fita da asuba kafin kowa ya taka hanyar. A irin wannan wuri rashin nauyi shi ne babbar riba. Mota mai nauyi tana nutsewa, in ta fara zamewa a gangare kuma tsayar da ita aiki ne, ita kuwa ƙaramar siraran tayoyinta suna yanka dusar su kama ƙasa, in ma ta maƙale mutum biyu ko uku sun isa su turo ta. Duk wanda ya taɓa tura mota a yashi ya san wannan lissafin.

Fiat Panda 4x4

Panda ta farko ta fito a 1980, Giorgetto Giugiaro ne ya zana ta, kuma da gangan aka yi ta ba ado, gilasanta shimfiɗaɗɗu ne ba lanƙwasa don ƙirar ta yi sauƙi, kujerunta kuma ƙarfe ne da yadi kawai. Mai jan taya huɗun ta biyo baya a tsakiyar 1983. Fiat ba su yi ƙafarta da kansu ba, sun miƙa aikin ga kamfanin Steyr-Puch da ke birnin Graz a Ostiriya, waɗanda dama sun daɗe suna yi wa sojoji motocin hawan dutse irin su Haflinger da Pinzgauer, kuma a masana'antarsu ake haɗa G-Wagen ta Mercedes tun 1979. Daga Graz ake aiko da giya da farfela da aksul ɗin baya, a kai su masana'antar Termini Imerese da ke tsibirin Sisili a ɗaura a bodi.

Injin farkon mai cc 965 ne da ƙarfin doki 48 kacal, amma motar duka duka nauyinta wajen kilo 740 ne. Dabarar da aka yi a giyar ita ce abin burgewa. Maimakon a sa mata akwatin giya na biyu irin na manyan jif, wanda zai ƙara nauyi da kuɗi, sai aka mayar da giya ta ɗaya ta zama mai matuƙar ƙarfi da rarrafe, ta yadda a kan kwalta direba zai iya tashi da ta biyu, ta ɗayan kuma ya ajiye ta sai an zo hawa mai santsi. Akwai ɗan liba a kusa da giyar, in ka ja shi sai tayoyin baya su shiga aiki, in ka mayar da shi ta koma motar gari mai jan gaba. A 1986 aka canza mata inji zuwa wanda ake kira FIRE mai cc 999, daga baya aka ƙara shi zuwa 1108, an kuma yi samfura na musamman kamar Sisley a wajen 1987 da Trekking a farkon shekarun 1990. Haka aka ci gaba da yin wannan bodin har 2003, shekara 20 kenan ba a canza masa wani babban abu ba.

Ma'aikatan gandun daji da 'yan sandan Carabinieri sun yi aiki da ita sosai a yankunan dutse, shi kansa Gianni Agnelli mai kamfanin Fiat da ita ya riƙa yawo in ya je hutun hunturu a St. Moritz ta Suwizalan, wannan ya ƙara mata ƙima a idon mutane. Abin takaicin dai ga mai neman araha shi ne wannan ƙimar ta juya masa baya, domin yanzu masu tara tsofaffin motoci sun shigo kasuwar, mai lafiyar bodi ta daina zama motar talaka.

Samfurin Panda na biyu an yi shi a garin Tychy na Folan, mai 4x4 ɗin ta fito a 2004, kuma babu liba a cikinta, wata na'ura ce mai ɗauke da mai mai kauri take tura ƙarfi baya da kanta da zarar tayoyin gaba sun fara juyawa a banza. Akwai ta fetur mai lita 1.2, wadda ba ta da sauri ko kaɗan amma ba ta cika ba da matsala ba, akwai kuma ta dizal Multijet mai lita 1.3. Wannan samfurin shi ne inda arahar take a yanzu. Na ukun an yi shi a Pomigliano kusa da Naples daga 2012, da injin TwinAir mai silinda biyu.

Lada Niva

Niva ma tana da jinin Fiat a jikinta, tunda masana'antar AvtoVAZ da ke Tolyatti a bakin kogin Volga da haɗin gwiwar Fiat aka gina ta, kuma motarsu ta farko a 1970 daga Fiat 124 aka ɗauko ta. A farkon shekarun 1970 gwamnatin Tarayyar Sobiyat, lokacin Alexei Kosygin yana firayim minista, ta nemi a yi motar da za ta yi wa mutanen karkara amfani a inda babu kwalta sam, sai injiniya Pyotr Prusov da mai zane Valery Syomushkin suka jagoranci aikin. An gwada ta a tsaunukan Ural da sanyin Siberiya da hamadar tsakiyar Asiya, ta farko ta sauko daga layi a watan Afrilun 1977 da lambar VAZ-2121.

Abin da ya bambanta ta da jif ɗin zamaninta shi ne ba a ɗora ta a kan shasi ba, bodin da kansa ke ɗaukar komai kamar ƙaramar motar gida, ga sifirin na naɗi a dukka ƙafafun, don haka ba ta girgiza mutum kamar Land Rover ta wancan lokacin. Tayoyinta huɗu kullum a aiki suke ko a kwalta ko a daji, akwai liba na kulle tsakiya in wuri ya yi tsanani, akwai kuma na ƙaramar giya, wato mai ƙarfi da rarrafe. Tazarar da ke tsakanin cikinta da ƙasa wajen santimita 22 ce. Tayar safaya a cikin bonet take kusa da inji, tsofaffin kuma har da handul na tayar da inji da hannu suke zuwa saboda ranar da batir ya mutu don sanyi, hitarta kuwa kowa ya yarda tana da zafi ƙwarai, kuma a ƙasar da sanyi ke kai digiri 30 ƙasa da sifili wannan ba ƙaramin abu ba ne. Injin farko lita 1.6 ne, aka koma 1.7 a wajen 1993 zuwa 1994.

Ta samu kasuwa sosai a waje, a Faransa da Jamus da Ostiriya da Birtaniya da Kudancin Amurka, ta shiga tseren Paris zuwa Dakar, an ma kai wata tashar binciken Rasha ta Bellingshausen a Antatika ta yi shekaru tana aiki. A Birtaniya an daina shigo da Lada a 1997 saboda dokar hayaƙi. Aibinta ba ɓoyayye ba ne, tana shan mai, tana da ƙara a babbar hanya, wayarin ɗinta yana yawan ciwo, ƙarfen bodin kuma tsatsa na saurin cinsa, sai dai duk bakaniken ƙauye mai sifana da sukundireba zai iya gyara ta, kuma wannan shi ya riƙe ta a raye. Har yanzu ana yin ta, tun 2021 da sunan Niva Legend.

Suzuki Jimny

Ta fara ne a 1970 da samfurin LJ10, bayan Suzuki sun sayi zanen wata ƙaramar mota daga kamfanin Hope, injinta na lokacin cc 360 ne. SJ410 ta zo a 1981, sai SJ413 da ake kira Samurai a wasu ƙasashe, kuma kamfanin Santana ya haɗa wasu a Linares ta Sifen don kasuwar Turai. A 1988 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta ce Samurai tana saurin kifewa a kwana, Suzuki suka musanta suka kai ƙara a 1996, aka sasanta a 2004.

Wadda ake samu a kasuwar na hannu ita ce ta 1998 zuwa 2018, mai injin fetur lita 1.3, da shasi daban da bodi, da ƙaramar giya ta gaske. A wuri mai tsanani ta fi Panda nesa ba kusa ba. Amma a hanyar da ke rabi ƙanƙara rabi busasshiyar kwalta tana wahalar da direba, domin ba a barin ta a 4x4 a kan busasshen titi, farfelar gaba da ta baya a kulle suke tare sai ƙarfi ya taru ya lalata giya, in ka cire kuma ta koma mai jan baya mai gajeren jiki, wadda gindinta ke saurin wutsilawa a santsi. Matsalar da aka fi sani a kanta ita ce rawar sitiyari a wajen gudun kilomita 70 zuwa 80, galibi daga boris ɗin ƙafar gaba ne da suka ci.

Sauran

Bayan waɗannan ukun akwai Subaru Justy, Daihatsu Terios, Suzuki Ignis, da SX4 da tagwayenta Fiat Sedici da aka yi a Hungari daga wajen 2006, sai Dacia Duster daga 2010.

Abin da ake dubawa kafin a biya

Tsatsa ce gaba da komai. Ƙasashen nan gishiri suke watsawa a titi don ya narkar da ƙanƙara, ruwan gishirin kuma yana shiga kowane lungu na ƙarƙashin mota ya kwana a can wata biyar a shekara, sai ka ga fenti yana ƙyalli a sama alhali ƙasa ta ruɓe. Inji in ya gaji ana sake shi da kuɗi kaɗan, amma bodin da ya ruɓe walda ba ta ƙarewa, shi ya sa masu saye ke shiga ƙarƙashi da tocila da sukundireba suna ƙwanƙwasa dandamalin ƙofa da ƙasan but da inda sifirin ya kama bodi da bututun birki. Baƙin fenti sabo mai kauri a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tuhuma ne. Mutanen arewacin Italiya kan gangara kudu inda ba a cika zuba gishiri ba su sayo. Wannan gishirin dai shi ne ke bin wasu motocin Beljiyam da ake saukewa a Kwatano da Legas, dillalan da suka san aiki sai sun leƙa ƙarƙashi kafin su yi ciniki.

Bayan tsatsa sai a gwada 4x4 ɗin a kan ciyawa ko tsakuwa a tabbatar yana shiga yana fita, domin wasu masu sayarwa in ya lalace cire farfelar baya suke yi su yi shiru. A duba tayoyin huɗu su zama girmansu ɗaya kuma cinsu ya zo kusa, musamman a Panda ta biyu, tunda bambancin taya yana ƙona na'urar tsakiyar. A duba hita, da batir, da ruwan lagireto ko akwai maganin daskarewa a ciki. Ga mai gajeruwar tafiya ta fetur ta fi, don man dizal yana kauri a tsananin sanyi, matatar hayaƙin sababbin kuma tana toshewa in injin ba ya samun doguwar hanya. A Birtaniya tarihin gwajin lafiyar mota da ake kira MOT na kowace mota yana intanet kyauta, a Jamus kuma takardar gwajin da ake yi duk shekara biyu ake nema.

Taya da doka

Jan taya huɗu yana taimakawa wajen tashi da hawa ne kawai, a wajen birki duk mota ɗaya take, abin da ke tsayar da ita shi ne robar da ke taɓa ƙasa. Tayar hunturu robarta ba ta ƙagewa in sanyi ya sauka ƙasa da wajen digiri 7, kuma tana da ƙananan tsagu masu kama ƙanƙara, saboda haka motar gida mai jan gaba da tayar hunturu takan tsaya kafin jif mai tayar bazara. Mai ƙaramin kuɗi da ya zuba duka a motar bai bar na taya ba ya yi kuskure babba, kuma wannan kuskuren rai yake ci a gangare. A Italiya hanyoyi da yawa suna wajabta tayar hunturu ko ɗaukar sarƙar taya daga 15 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu, a Ostiriya daga 1 ga Nuwamba in akwai ƙanƙara, Faransa ta fara tata dokar ta yankunan dutse a 2021, Jamus kuma tun Oktoban 2024 tayar da ke da tambarin dutse da ƙanƙara kawai ake karɓa a matsayin ta hunturu.

Kariya a haɗari

Nan ne rauninsu. A gwajin haɗari na Turai, wato Euro NCAP, na 2018 sabuwar Jimny tauraro 3 ta samu cikin 5, Panda ba ta samu ko ɗaya ba, tsofaffin kuma yawancinsu ba su da jakar iska ko birkin ABS mai hana taya kullewa.

Halin da ake ciki

Dokokin hayaƙi na birane irin su Area B ta Milan da ULEZ ta Landan, duka daga 2019, sun tura tsofaffin zuwa karkara, inda dama can suka fi amfani. Suzuki sun janye Jimny ta fasinja daga Turai a 2020 suka dawo da ita mai kujera biyu a matsayin motar kaya, abin da ya ɗaga farashin ta hannu. Fiat kuma sun yi wata Panda 4x4 ta musamman a 2023 don cikarta shekara 40, guda 1983 kawai suka ƙera.