Waiwaye: Yadda Dutse Da Ruwa Suka Samu Shiga Zane

Masu zanen farko sun fi damuwa da dabba fiye da ƙasar da take kiwo a kai. A Dabous, arewa da Agadez, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, babban ya haura mita 5. A duwatsun Birnin Kudu kuwa shanu ne. Ba tudu a bayansu, ba gulbi. Dutsen da aka yi zanen a kansa ya wadatar.

Sinawa ne suka daɗe da mai da ƙasa kanta abin zanawa, har suka sa wa salon suna shanshui, wato dutse da ruwa. Wajen shekarar 1000, zamanin daular Song, Fan Kuan ya yi wani zane da tawada a kan siliki mai tsawon sama da mita 2. Wani ƙaton dutse ya cinye mafi yawan wurin, ruwa na zubowa daga gefensa siriri kamar zare. Sai mutum ya ƙura ido kafin ya hango fatake da dabbobin dakonsu can ƙasa, kamar tururuwa. Shi kansa mai zanen bai nemi a gan shi ba: a cikin ganyen itatuwa ya ɓoye sunansa, sai a 1958 aka gano. A ganina, wannan ɓoyewar ta fi duk wani sharhi bayyana matsayin da suka ba ɗan Adam.

A Turai lamarin ya sha bamban. Mutum ne a gaba, sarki ko wani waliyyin coci, daji da tsauni kuwa cike gurbi ne a baya. Sai a ƙarni na 17 'yan kasuwar Holan suka shiga sayen zanen gonaki da madatsun ruwa suna ratayewa a ɗakunansu. Ƙasarsu shimfiɗaɗɗiya ce, saboda haka gajimare ya kan kwashe fiye da rabin zanen. Duk da haka masanan Faransa sun ci gaba da ajiye irin wannan aiki ƙasa da zanen tarihi da na fuskar mutane. Abin da ya taimaka wajen sauya lissafin ɗan ƙarami ne. A 1841 wani Ba'amurke, John Rand, ya ƙirƙiro bututun fenti na kuza da ake matsawa, aka samu sauƙin ɗaukar kaya a fita fili. A 1872 mai zane Claude Monet, Bafaranshe, ya zana tashar jiragen ruwan Le Havre ta ƙasarsu da asuba, hazo da hasken rana suka zama su ne labarin.

'Yan asalin Ostireliya kuma daga sama suke kallon ƙasa. Da mazan ƙauyen Papunya da ke tsakiyar ƙasar suka fara mai da zanen da suka gada kan katako a 1971, babu sararin sama a ciki sam. Da'ira cikin da'ira mashaya ce ko zango, layin da ya haɗa su hanya ce, ɗan lanƙwasasshen layi kuma gurbin da mutum ya bari ne a yashi bayan ya tashi daga zaune.