Waiwaye: Lambar da ta maye gurbin baƙin filim a ɗakin hoton eksire

A zamanin filim, ma'aikacin ɗakin hoto ba ya bukatar a gaya masa ya yi kuskure. In ya sakar wa majiyyaci hasken eksire fiye da kima, filim ya fito baƙi ƙirin; in ya yi rowa, ya fito fari fat, ba a rarrabe ƙashi da tsoka.

A 1983 kamfanin Fuji na Japan ya fito da faranti mai riƙe hoto, na'ura ta karanta shi ta miƙa wa kwamfuta, ita kuma ta daidaita haske da duhu da kanta. Daga nan filim ya daina tsawatarwa. Ko an ninka hasken, hoto zai fito tas. In kuwa an rage, sai ya yi yashi-yashi, likita ya dawo da shi a sake. Wa ke son a dawo masa da aiki? Sai ma'aikata suka riƙa ƙara ɗan haske don kauce wa ƙorafi, yau kaɗan gobe kaɗan, majiyyata na shan abin da ba su bukata, babu alama a hoton. Hukumar ICRP, ta ƙasa da ƙasa mai ba da shawara kan kariya daga irin wannan haske, ta yi gargaɗi a kan haka a 2004.

Kamfanoni sun ga matsalar, amma kowa ya kafa tasa lambar mai nuna yawan hasken da ya isa faranti. A na'urar Fuji, lambar S raguwa take in haske ya ƙaru. Ta Kodak hawa take, ƙarin 300 na nufin an ninka. Agfa kuma ƙarin 0.3 ne ninki. Ma'aikacin da ya saba da wata na'ura, in ya koma wata, zai iya ganin lamba ta haura ya fassara ta a juye. Asibitocin da ke amfani da tsofaffin na'urori har yanzu da waɗannan lambobi suke fama.

Sai a 2008 hukumar IEC, mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki ta duniya, ta fitar da ma'auni ɗaya mai lamba 62494-1, ƙungiyar masana fiziks na fannin lafiya ta Amurka, AAPM, ta biyo da rahotonta a 2009. Suka tsayar da ma'aunin haske mai suna EI, wanda ke hawa daidai da hasken da ya isa farantin: maikirogire ɗaya (awon hasken eksire ke nan) ya ba da 100. Kowane sashen jiki aka sa masa adadin EI da ake so, sannan wani ma'auni mai suna DI ya nuna nisan da aka kauce. Sifiri, an dace. +1 ƙari ne na kusan kashi 26 cikin ɗari, +3 ninki, −3 rabi. Da farko an so hotuna su tsaya tsakanin −0.5 da +0.5, amma aiki ya nuna ƙa'idar ta yi tsauri, har a 2018 AAPM ta ce kowane asibiti ya duba nasa alƙaluman ya tsayar da iyaka.

Inda na fi ganin ana tuntuɓe shi ne ɗaukar EI a matsayin hasken da majiyyaci ya sha. Abin da ya ratsa jiki ya isa faranti kawai yake aunawa. Mai jiki da siriri za su iya ba da EI ɗaya, alhali na farkon ya sha haske mai yawa. Ƙarfen da aka dasa a kwatangwalo, ko buɗe bakin fitilar fiye da sashen da ake ɗauka, na iya rikita kwamfuta ta auna wurin da ba shi ba, ta ba da lambar da za ta sa a sake hoton da tun farko ya yi daidai.