Super Eagles a Gasar Cin Kofin Nahiyar Afirka

Tawagar ƙwallon ƙafa ta maza ta Najeriya, wadda ake kira Super Eagles, tana cikin waɗanda aka fi damawa da su a gasar cin kofin nahiyar Afirka, wadda hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ke shiryawa tun 1957. Daga zuwanta na farko a 1963 har gasar da aka kammala a Kwaddibuwa a Fabrairun 2024, Najeriya ta halarci gasar sau 20. Ta ɗauki kofin sau uku, a 1980 da 1994 da 2013. Ta zo ta biyu sau biyar, ta uku kuma sau takwas. Sau huɗu kacal ke nan ta koma gida hannu Rabbana. Abin alfahari ne, amma akwai zafi a cikinsa: sau 16 ana kaiwa bakin rijiya, sau uku aka sha ruwan.

Farkon tafiya

Zuwan farko bai yi daɗi ba. A Gana, a 1963, Masar ta lallasa Najeriya da ci 6-3, Sudan ta ƙara mata 4-0. Daga nan ba a sake ganinta ba sai 1976 a Habasha, lokacin ana kiran tawagar Green Eagles, ƙarƙashin wani koci ɗan Yugoslabiya da 'yan ƙasa suka laƙaba wa suna Father Tiko. Ta zo ta uku. A 1978 ma haka, sai dai ta wata hanya: ana tsakiyar wasan neman matsayi na uku, ci yana 1-1, 'yan Tunisiya suka fice daga fili don fushi da alƙalin wasa, aka ba Najeriya nasara da ci 2-0.

Kofin farko a Legas

A 1980 Najeriya ce mai masaukin baƙi, aka buga wasannin a Legas da Ibadan. Koci Otto Gloria ɗan Burazil ne, kyaftin kuma Christian Chukwu. Bayan doke Maroko da ci ɗaya mai ban haushi a wasan kusa da na ƙarshe, ta ƙafar Felix Owolabi, sai aka haɗu da Aljeriya ranar 22 ga Maris a babban filin wasa na Surulere. Segun Odegbami ya zura biyu kafin hutun rabin lokaci, Muda Lawal ya ƙara ta uku bayan an dawo. Shugaba Shehu Shagari ne ya miƙa wa Chukwu kofin, gwamnati kuma ta raba wa 'yan wasan gidaje da motoci ƙirar Peugeot. Shekara goma ke nan da ƙare yaƙin basasa, ga ɗan Inugu ya ɗaga kofi da sunan ƙasa baki ɗaya. Wannan kaɗai ya isa a riƙa tuna ranar.

Shekarun azurfa

Kare kofin bai yiwu ba, domin a Libiya a 1982 tun a matakin rukuni aka yi waje da ita. Abin da ya biyo baya shi ne wasan ƙarshe uku cikin shekara shida, duk ba sa'a. A 1984 a Abijan, Muda Lawal ya fara ci, Kamaru ta farke ta ƙara biyu, aka tashi 3-1. A 1988 a Kasabulanka an sake haɗuwa da Kamaru. Henry Nwosu ya sa ƙwallo a raga da ka, aka soke ta da sunan satar gida, daga baya Emmanuel Kunde ya ci wa Kamaru fenariti. Har yau tsofaffin masu kallo ba su yarda an yi adalci a wannan hukunci ba. A wannan shekarar ne sunan tawagar ya koma Super Eagles.

A 1990 koci Clemens Westerhof, ɗan ƙasar Holan, ya je Aljeriya da tawagar da yawancinta matasa ne. Mai masaukin baƙi ta yi musu 5-1 a wasan buɗe gasa. Suka farfaɗo har suka kai wasan ƙarshe, inda Aljeriya ta sake doke su, amma wannan karon da ci 1-0. A Senegal a 1992 Gana ta tare musu hanya, suka ƙare a na uku.

Tunisiya 1994

Wannan tawaga ita ce ma'aunin da ake gwada duk wadda ta biyo bayanta. Peter Rufai a raga, Stephen Keshi da Uche Okechukwu da Ben Iroha a baya, Sunday Oliseh da Jay-Jay Okocha a tsakiya, Finidi George a gefe, a gaba kuma Daniel Amokachi da Rashidi Yekini, dukkansu biyun haifaffun Kaduna. Yekini ya ci ƙwallo biyar, ya fi kowa a gasar, kamar yadda ya yi a 1992. Jimillar ƙwallayensa a gasar nahiyar 13 ne, babu ɗan Najeriyar da ya kamo shi.

Sai da aka kai ga bugun fenariti kafin a fitar da Kwaddibuwa a wasan kusa da na ƙarshe. Abokiyar karawa a wasan ƙarshe, ranar 10 ga Afrilu, Zambiya ce, kuma zuciyar yawancin 'yan Afirka tana tare da ita. Shekara guda kafin nan jirgin da ke ɗauke da tawagarta ya faɗa teku a gaɓar Gabon, babu wanda ya tsira. Sabuwar tawaga aka haɗa, Kalusha Bwalya yana jagoranta. Minti uku da take wasa Elijah Litana ya ci wa Zambiya. Ba a je ko'ina ba Emmanuel Amunike ya farke, aka dawo daga hutu ya ƙara ta biyu. A wannan watan FIFA ta sa Najeriya ta biyar a jerin ƙasashen duniya.

Gasar da ba a je ba

A nan ne babbar asara ta faru, kuma ba a fili ta faru ba. Ranar 10 ga Nuwamban 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da wasu 'yan Ogoni takwas. Nelson Mandela ya fito ƙarara ya nemi a ƙaƙaba wa Najeriya takunkumi. Afirka ta Kudu ce za ta karɓi gasar Janairun 1996, sai gwamnatin Najeriya ta hana tawagarta zuwa, tana cewa babu tabbacin tsaron lafiyar 'yan wasa. CAF ta hukunta ƙasar da hana ta gasar 1998. 'Yan wasan da ƙarfinsu ya kai maƙura suka rasa gasa biyu a jere. Shaidar abin da aka rasa ta fito a wannan shekarar ta 1996, lokacin da Kanu da Okocha da Amokachi da Amunike suka doke Burazil da Ajantina suka ɗauko zinare a wasannin Olamfik na Atlanta. Babu mai iya rantsuwa cewa da sun je da sun ci kofin, amma a lokacin babu tawagar Afirka da ta fi su.

Legas 2000

Dawowar ta zo a gida, domin Najeriya da Gana ne suka haɗu suka karɓi gasar. An buga a Legas da kuma Kano, inda rukunin Masar da Senegal da Zambiya da Burkina Faso ya yi zango. Julius Aghahowa ya taso daga benci ya ceto Najeriya daga hannun Senegal da ƙwallo biyu, Tijjani Babangida kuma ya zura biyu a ragar Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe.

Ranar 13 ga Fabrairu, a Surulere, sai ga Kamaru karo na uku. Samuel Eto'o da Patrick Mboma suka ci biyu, fili ya yi tsit. Raphael Chukwu ya rage ɗaya dab da hutu, ana dawowa Okocha ya ɗirka wata daga nesa da ƙafar hagu, aka koma 2-2. A bugun fenariti mai tsaron ragar Kamaru ya tare na Kanu. Victor Ikpeba ya buga nasa, ƙwallo ta daki ƙarfen sama ta faɗo ƙasa ta fito. Hoton talabijin ya nuna ta haye layi, amma alƙalin wasa Mourad Daami ɗan Tunisiya bai ba da ita ba, shi kansa Ikpeba hannu ya ɗora a ka maimakon murna. Rigobert Song ya ci na ƙarshe, Kamaru ta ɗauki kofi a tsakiyar Legas.

Daga nan tagulla ta zama abin sabo: 2002 a Mali, 2004 a Tunisiya, 2006 a Masar inda Garba Lawal ya ci Senegal, da 2010 a Angola. Abin tunawa a tsakanin nan shi ne 2004, lokacin da aka ɗan rama wa kura aniyarta, aka fitar da Kamaru da ci 2-1, da bugun tazara na Okocha da ƙwallon John Utaka. Gasar 2012 kuwa ko gurbin shiga ba a samu ba.

Keshi

Stephen Keshi, a matsayin koci, ya tafi Afirka ta Kudu a 2013 ba tare da wasu manyan sunaye ba, ya ɗauki shida daga masu buga gasar cikin gida. An sha sukarsa, musamman bayan kunnen doki da Burkina Faso da Zambiya. Da aka haɗa Najeriya da Kwaddibuwa ta Didier Drogba da Yaya Toure a zagayen 'yan takwas, mutane da yawa sun riga sun sallama. Emmanuel Emenike ya ci da bugun tazara, Sunday Mba, ɗaya daga cikin 'yan gidan, ya ci ta nasara. Mali ta sha 4-1, Ahmed Musa, tsohon ɗan Kano Pillars, shi ya rufe da ta huɗu.

A wasan ƙarshe a Johannesburg, ranar 10 ga Fabrairu, Mba ne dai. Ƙwallo ta faɗo masa a bakin da'ira, ya ɗaga ta da dama ta tsallake kan mai tsaron baya, kafin ta taɓa ƙasa ya buga da hagu. Ita kaɗai aka ci Burkina Faso. Keshi ya zama mutum na biyu, bayan Mahmoud El-Gohary na Masar, da ya ci kofin yana ɗan wasa ya kuma ci yana koci. Ya rasu a Yunin 2016. Masu riƙe da kofin kuwa sun kasa samun gurbi a 2015, haka ma a 2017, a daidai lokacin da hukumar ƙwallon ƙasar ke fama da rikicin shugabanci da yawan sauya koci.

Shekarun baya-bayan nan

A Masar a 2019 Odion Ighalo ya ci biyar, ya fi kowa, amma bugun tazarar Riyad Mahrez na Aljeriya a daƙiƙar ƙarshe ya hana Najeriya wasan ƙarshe. A Janairun 2022 tawagar ta zauna a Garwa, arewacin Kamaru, inda 'yan kallo suka karɓe ta kamar a gida. Ta ci wasanninta uku na rukuni, ciki har da na Masar, sai Tunisiya ta fitar da ita da ci 1-0.

A Kwaddibuwa, koci Jose Peseiro ya gina tawagarsa a kan tsaron baya. Ta doke mai masaukin baƙi a rukuni, ta cire Kamaru da ƙwallo biyu na Ademola Lookman, ta wuce Angola, Stanley Nwabali kuma ya tare fenariti biyu na Afirka ta Kudu. Ranar 11 ga Fabrairun 2024, a wasan ƙarshe da Kwaddibuwa a filin Ebimpe, William Troost-Ekong ya fara ci da ka kafin hutu. Bayan an dawo Najeriya ta ja baya tana tsaron abin da ta samu, Franck Kessie ya farke, Sebastien Haller ya ci ta biyu saura minti tara. An ba Troost-Ekong kyautar gwarzon ɗan wasan gasar, kofin kuma ya zauna a Abijan.