Gadon hawan jini: ba ta uba kaɗai yake bi ba

Idan likita ya tambayi mutum ko akwai mai hawan jini a danginsu, sai ka ji ya lissafo mahaifinsa da baffanninsa, ya tsallake mahaifiyarsa da kawunnansa. Mun taso muna jin cewa jini na uba ne, don haka da yawa ke ɗauka cutar dangin uwa ba ta shafe su ba. Wannan kuskure ne mai tsada.

Kowane ɗan Adam yana karɓar ƙunshin ƙwayoyin gado 23 daga uwa, 23 daga uba. Hawan jini kuma ba ƙwayar gado ɗaya ke jawo shi ba, ɗaruruwa ne ke haɗuwa, kowacce da ɗan tasirinta. Ko ta wane ɓangare suka zo, haɗarin yana nan, ya kuma fi ƙaruwa idan iyayen biyu suna da cutar, ko ta kama su tun da ƙuruciya.

Hasali ma uwa tana da ƙarin hanya: wata taran da ta yi da ciki. Matar da jininta ya hau lokacin goyon ciki, ƙafafu suka kumbura, ko ta haifi jariri ɗan mitsitsi, ɗan nan ya fi fuskantar hawan jini idan ya girma. Ga kuma tukunya: gishiri da dunƙulen da aka saba da su a miyar gida.

Tambayi Inna kamar yadda za ka tambayi Baba, sannan ka je a auna ka. Awon da ke yawan kai 140/90 yana buƙatar likita, ko kanka ba ya ciwo.