Me ake nufi da "rage magani a hankali" ga mai shan maganin ciwon damuwa?

Idan likita ya ce wa mai shan maganin ciwon damuwa, "Ba za mu yanke shi lokaci ɗaya ba, a hankali za mu rage shi," da yawa sukan ɗauka nufinsa a sha rabin ƙwaya na mako guda, shi ke nan a watsar. Abin ya fi haka. Rage magani a hankali shi ne a riƙa sauke adadin da ake sha mataki-mataki, a zauna a kowane mataki na 'yan makonni har jiki ya natsu, sannan a sake saukewa, a haka har a kai ga dainawa. Ga wani, watanni biyu sun isa. Wani kuwa sai ya shafe shekara ko fiye yana kan hanya, kuma ba laifinsa ba ne.

Dalilin yana cikin yadda magungunan ke aiki. Waɗanda aka fi rubutawa a yau, irin su sertraline da fluoxetine da paroxetine da citalopram da escitalopram, suna taɓa wani sinadari ne mai suna serotonin, wanda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi. Bayan an aika saƙon, akwai wasu 'yan ƙofofi da ke tsotse sinadarin su mayar da shi inda ya fito. Maganin waɗannan ƙofofin yake toshewa. Venlafaxine da duloxetine kuwa har da wani sinadarin, noradrenaline, suke haɗawa. Idan mutum ya yi watanni yana sha, ƙwaƙwalwa takan gyara zamanta ta saba da wannan yanayi. Ranar da aka tsayar da magani, shi yakan fice daga jini cikin 'yan kwanaki, ita kuwa ƙwaƙwalwa komawarta yadda take a da na bukatar makonni, wani lokaci watanni. Abin da mutum ke ji a wannan tsakanin shi ake kira alamomin janye magani.

Yawanci sukan fara ne kwana biyu zuwa huɗu bayan an daina ko an rage da yawa. Jiri, tashin zuciya, ciwon kai, zufa, ciwon gaɓoɓi kamar mura za ta kama mutum, rashin barci, da mafarkai masu tsanani waɗanda mutum ke farkawa daga cikinsu a gajiye. Sai saurin fushi, kuka ba dalili, fargaba da faɗuwar gaba. Akwai kuma wata alama da ta fi kowacce rikita mutane, domin ba su san yadda za su kwatanta ta ba. Mutum yana zaune lafiya, ya juya idonsa gefe don ya dubi wanda ya shigo, sai ya ji wani "zit" a cikin kansa kamar lantarki ya ja shi, ƙasa da daƙiƙa ɗaya, wani lokaci har da ƙara a kunne. Ya wuce. Ya sake juya ido, ya sake ji. Wanda bai taɓa jin labarin abin ba yakan tsorata ƙwarai, ya zaci shanyewar ɓarin jiki ce ke tafe, alhali sananniyar alama ce ta janye irin waɗannan magunguna, kuma takan gushe.

Magungunan ba ɗaya suke ba a wannan fanni, kuma babban abin da ya raba su shi ne tsawon lokacin da rabin magani ke ɗauka kafin ya bar jini. Na venlafaxine kamar awa 5 ne, abin da hanta ke juya shi ya koma kuwa kamar awa 11. Na duloxetine kamar awa 12, paroxetine kamar awa 21, sertraline kwana ɗaya da 'yan awoyi. Fluoxetine shi ne ya fita daban: kwana 4 zuwa 6, kuma abin da yake rikiɗewa ya koma a jiki yakan fi haka daɗewa. Shi ya sa mai shan venlafaxine ko paroxetine kan ji a jikinsa ko da kwana ɗaya ya manta bai sha ba, mai shan fluoxetine kuwa sai ya daina ya yi makonni bai ji komai ba, kafin alamomin su lallaɓo a makare.

Mutum nawa abin ke samu? Nan masana suka rabu. A 2019 James Davies da John Read sun tattara binciken da aka yi, suka ce kashi 56 cikin ɗari na masu dainawa kan gamu da alamomin, kuma kusan rabinsu sun ce nasu ya yi tsanani. An soki aikin da cewa ya dogara da yawa a kan tambayoyin intanet, inda wanda ya sha wuya ya fi saurin amsawa. A 2024 wani nazari da aka buga a mujallar Lancet Psychiatry, wanda ya haɗa mutane sama da 21,000, ya samu kashi 31 cikin ɗari. Amma ko cikin waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta, kashi 17 sun yi ƙorafin alamomi bayan an tsayar da ita. Aka ƙiyasta cewa kimanin kashi 15 ne za a jingina wa maganin kansa, masu tsanani kuma kamar kashi 3. Shi ma an soke shi da cewa mafi yawan waɗanda aka bincika ba su daɗe a kan magani ba, alhali a zahiri mutane shekaru suke yi suna sha. A ganina wannan gardama ba ta da wani amfani sosai ga wanda ke zaune gaban likita. Abin da kowa ya yarda da shi ya ishe shi: wanda ya daɗe yana sha, ko yake shan adadi mai yawa, ko maganinsa mai saurin barin jini ne, ko ya taɓa shan wuya a yunƙurin baya, shi ya fi bukatar a bi da shi sannu. Hukumar NICE ta Ingila, mai ba likitoci shawara kan magani, wadda a da take cewa alamomin masu sauƙi ne kuma sukan wuce cikin kamar mako guda, ta gyara maganarta a 2019, ta amince cewa ga wasu sukan yi tsanani kuma su daɗe.

Inda aka fi yin kuskure shi ne ƙarshen tafiyar. Hankali yakan ba mutum cewa daga miligiram 40 zuwa 20 ne babban tsalle, daga 5 zuwa babu kuwa ɗan taki ne. A cikin ƙwaƙwalwa akasin haka ne. Masu bincike Mark Horowitz da David Taylor sun nuna wannan a 2019, ta hanyar duba hotunan ƙwaƙwalwa da ke auna yawan ƙofofin da magani ya toshe. A citalopram, miligiram 40 na toshe kusan kashi 86 cikin ɗari, miligiram 20 kuwa kusan kashi 80. Wato an zubar da rabin magani amma ƙwaƙwalwa ɗan kaɗan ta rasa. To amma miligiram 5 har yanzu yana riƙe da kusan kashi 60, kai ko miligiram 2 ma bai gaza kashi ɗaya cikin uku ba. Wanda ya tashi daga 5 ya faɗa sifili ya yi tsallen da ya ninka na farko kusan sau goma. Kamar matakalar bene ce da matakan samanta gajeru ne, na ƙarshen kuwa ya kai tsayin mutum, kuma a duhu ake saukowa.

Shi ya sa ake ƙanƙanta ragin yayin da adadin ke yin ƙasa. Maimakon a cire miligiram 5 kowane lokaci, sai a cire wani kaso na abin da ake sha a yanzu: rabi ko kwata ga wanda bai daɗe yana sha ba, kashi 10 cikin ɗari ko ƙasa da haka ga wanda jikinsa ke saurin amsawa, a kuma tsaya mako biyu zuwa huɗu a ga yadda ta kaya. Matsalar ita ce ba a buga ƙwayoyi a irin waɗannan ƙananan awo. Wasu magungunan akwai na ruwansu, sai a zuƙa da ƙaramin sirinji mara allura, a ɗaga shi saitin ido, a tabbatar ruwan ya tsaya daidai kan layin da aka ce. Wasu ana raba su da abin yanka ƙwaya. Amma ƙwayar da aka yi ta don ta riƙa narkewa sannu a ciki ba a fasa ta, ba a daka ta; wannan tambaya ce ta mai ba da magani, kada mutum ya yanke wa kansa. Dabarar nan ta a sha yau a tsallake gobe kuwa, ga mafi yawan magungunan wahala take ƙarawa, domin adadin da ke jini hawa da sauka zai riƙa yi. Wani lokaci likita kan mayar da mutum kan fluoxetine tukuna, saboda jinkirinsa wajen barin jiki, sannan a rage shi.

Tambayar da ta fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya ita ce, "Likita, anya ba ciwon ne ya dawo ba?" Tana da muhimmanci, domin ciwon na iya dawowa. A wani gwaji da aka yi a Birtaniya mai suna ANTLER, wanda aka buga a 2021, cikin mutane 478 da suka daɗe a kan magani, kashi 56 na waɗanda suka daina ciwon ya dawo musu cikin shekara guda, waɗanda suka ci gaba da sha kuwa kashi 39. Saboda haka ake ba da shawarar a ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an samu sauƙi, wanda kuma ciwon ya sha dawo masa ya kai shekara 2 ko fiye. Amma akwai abubuwan da ke bambanta su. Alamomin janyewa sukan zo da wuri, cikin kwanaki bayan ragi; dawowar ciwo kuwa takan taho sannu, bayan makonni ko watanni. Janyewa kan zo da baƙin abubuwa da mutum bai san su a ciwonsa na asali ba, kamar jirin nan da jan lantarki. Kuma idan aka koma adadin baya, sau da yawa sukan lafa cikin 'yan kwanaki, alhali ciwon damuwa na gaske makonni yake ɗauka kafin ya ji magani. An sha mayar da mutane kan magani na tsawon shekaru saboda an rikita waɗannan biyun.

Wasu kuma kunya ce ke damunsu, suna ganin sun zama 'yan ƙwaya. Ba haka ba ne. Mai shan sertraline ba ya buguwa, ba ya ƙishirwar ƙari, ba ya sayar da kayansa don ya samu. Jiki ne ya saba, kamar yadda yake sabawa da wasu magungunan hawan jini, waɗanda su ma ba a yanke su farat ɗaya.

Idan alamomin suka taso ana cikin ragi, abu na farko shi ne a tsaya, kada a ƙara sauka. In ana iya jurewa, a zauna a wannan mataki har su lafa. In sun hana aiki ko barci, a koma adadin da aka baro, a huta, sannan a sake gwadawa da ragi mafi ƙanƙanta. Sannu ba ta hana zuwa. Yana da kyau mutum ya ajiye ɗan littafi yana rubuta ranar da ya rage, nawa ya rage, da abin da ya ji, domin bayan wata uku ba zai tuna ba, kuma da wannan rubutun likita zai gane inda aka yi sauri. Kada a fara ragin a lokacin jarrabawa, ko canjin aiki, ko rasuwa. A sanar da na kusa, saboda saurin fushin nan su yake fara shafa, kuma sukan riga mutum lura da canji. Tafiyar ƙafa kullum da kwanciya a lokaci ɗaya suna taimakawa. Ranar da jiri ya yi yawa a bar tuƙi. Zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam a wannan tsakani yana rage haɗarin dawowar ciwon.

Matar da ta ga tana da ciki kada tsoro ya sa ta watsar da maganin a ranar. Ta je ta ga likitanta a duba abin da ya fi dacewa da ita da jaririn. Wanda kuma ya ji wani irin rashin natsuwa da ba ya iya zama wuri ɗaya, ko ya yi kwanaki bai runtsa ba, ko tunanin halaka kansa ya fara zo masa, wannan ba abin jira har ranar ganin likita ba ne. Ya gaya wa wani, a tafi asibiti a ranar, a kuma tafi da kwalin maganin da littafin da yake rubutawa.